Jajayen Awakin Hindu ta Kona

A Kona in ka ce gidan Hindu kake nema, sai an tambaye ka wace Hindu, don ba ita kaɗai ke da sunan ba. Amma in ka ce Hindu mai jajaye, ko makaho zai kama hannunka ya kai ka har ƙofar zaure. 'Yar gajeruwar dattijuwa ce, baki ja da goro, in ta ɗaga murya tana yi wa akuya faɗa a bayan ɗaki har masu daka a maƙwabta sukan tsaya su ji da wa ake. Mijinta Na Allah mutum ne mai sanyin hali, kuma ya daɗe da sanin matsayinsa a gidan. Yakan ce shi bai da ƙorafi, tunda in an gama ba awaki dusa akan tuna da shi.

Awakin kuwa sun isa a yi musu haka. Jar akuya ce irin ta ƙasar nan, gajeruwa, dirarriya, gashi kwance yana sheƙi, ja mai duhu kamar tukunyar da ta gasu sosai. Ba ta cika haihuwar ɗaya ba, sai biyu ko uku, ga nono, ga fatar da dukawa ke rububi. Kusan kowane gida a yankin Tasawa akwai mai kama da ita, sai dai in ka duba da kyau za ka ga ɗan fari a goshi, ko a wutsiya, ko ƙafa ta yi tsawo. Na Hindu ne ba a taɓa kamawa da farin gashi ko ƙwaya ɗaya ba. Uwarta ta ba ta akuya da ɗan bunsuru ranar da aka kawo ta gidan Na Allah, ita ma uwar a wurin tata uwar ta samu, kuma duk cikinsu babu wadda ta bari baƙon jini ya shiga.

Riƙon irin nan aiki ne. Da an gama girbi, kowa a garin yakan kwance dabbobinsa su bazu cikin gonaki su yi kiwo, bunsurun wane ya bi akuyar wance, babu mai tambaya. Hindu ba ta taɓa kwance nata ba. Ta sa an ja mata katanga a bayan ɗakinta, ita ke ɗauko harawa a ka, ita ke bin gindin gawo tana tsintar 'ya'yansa, rani da damina. In akuya ta haihu, tun ɗan bai bushe ba za ta kai shi rana ta juya shi, ta duba ciki, ta duba ƙarƙashin wutsiya, ta buɗa tsakanin kofato. Maganarta kullum ita ce ja a ido ba ja ba ne. In za ka ɗauki bunsuru, ka ga uwarsa, ka san ubansa, sannan ka nemi wanda aka haife su tare, don abin da ɗan akuya ya ɓoye a jikinsa, a jikin ɗan'uwansa yake fitowa. Shi ya sa in ta ba mace 'yar akuya ta ce mata tsantsa ce, an gama magana. Har daga Cake mata ke zuwa neman iri, kuma ba a tambayar ta rantsuwa.

Mutum ɗaya ce Hindu ta yarda da ita kamar yadda ta yarda da idonta, wato ƙawarta Asiya. Tare suka tashi, tare suka koyi daka, kuma sun ƙulla ƙawance irin na da, wanda in bikin ɗaya ya tashi ɗayar ce ke riƙe da ludayi. Aure ya kai Asiya arewa, wani ɗan zango bayan Isawan, gidan Tanko, wani Buzu makiyayi, inda ƙasa ta fi bushewa kuma rijiya ke da nisa. Nisan bai rage komai ba. Hindu na aika daddawa da kuka, Asiya na aiko da cuku da man shanu, da waya ta zo kuma suka riƙa ƙarar wa jikokinsu caji.

Wata shekara ciwon awaki ya shigo Kona, zawo da majina, ya share garkuna da yawa. Na Hindu sun tsira da ƙyar, amma ta tsorata, ta tuna uwarta takan ce ba a tara iri duka a rumbu ɗaya. Sai ta zaɓi budurwar akuya mafi kyau da ɗan bunsuru, ta sa aka kai wa Asiya kiwo, da sharaɗi ɗaya: a turke za su zauna, kada su shiga garken Tanko na dogayen awakin arewa masu roɗi-roɗi. Asiya ta amsa ta waya cewa ko ƙuda ba zai sauka a kansu ba. Hindu ta yi barci da daɗi, tana ganin ko gobara ta tashi a Kona, irin uwarta na nan a hannu nagari.

Gobara ba ta tashi ba, leda ce ta yi aikin. Bayan 'yan shekaru babban bunsurunta ya yi ta ramewa yana kumburin ciki, da aka yanka shi aka tarar da baƙar leda cunkus a tumbinsa. A lokacin kuma babu wani namiji a gidan sai taure biyu, duk ta rabar da sauran ko an fiɗiye su. Na Allah ya ce ta je kasuwar Tasawa, jajayen bunsura ga su nan kamar a yi kyauta da su. Ta yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da aiki a gona. Ta kira Asiya ta ce tana nan tafe ranar kasuwa, za ta karɓi bunsurun nan aro.

Ba za ta manta saukar da aka yi mata ba. Tun daga bakin zango ƙanshin nama ya tare ta. Asiya ta fito da gudu ta rungume ta, ta ce ƙawarta ba za ta taka gidanta a ba ta miyar kuka ba, tun da asuba aka kayar mata da ɗan akuya. Garken Tanko ya tafi kiwo nesa, gidan tsit, sai jar akuyar Hindu a turke ta yi ƙiba, kusa da ita kuma ga wani matashin bunsuru ja wur.

"Ina babban?" in ji Hindu.

Asiya ta sunkuyar da kai. "Ƙawa, kunya ta hana ni gaya maki. Kububuwa ta sare shi da damina. Amma Allah ya sa ya bar baya, ga ɗanshi nan."

Hindu ta yi salati, ta ja ɗan bunsurun rana, ta juya shi yadda ta saba. Ciki ja, wutsiya ja, tsakanin kofato ja. Ta ɗago ta ce, "Ina abokin haihuwarshi?"

"Shi kaɗai ya zo."

"Tawa ta haihi ɗaya?"

"Kin san nan ba kamar Kona ba ne, abinci sai a hankali. Wallahi tilo ne, ƙawa, kuma ubanshi naki ne."

Da wata ce ta faɗi haka, Hindu sai ta zagaya maƙwabta ta ji bakinsu. Amma Asiya ce, har da wallahin da ba a nema ba. Ta wanke hannu ta zauna, ta ci nama har da tsotse ƙashi, aka ƙulle mata saura a ƙwarya. Ta dawo Kona da bunsuru a bayan kabu-kabu, ta yi wata guda tana ba duk wanda ya tsaya labarin karamcin ƙawarta.

Ɗan Isawan, kamar yadda ta sa masa suna, bai yi wasa da aikinsa ba. 'Ya'yan fari suka zo jajaye tas. Ƙafafunsu sun ɗan fi na iyayen tsawo, amma Hindu ta ce albarkar harawar bana ce, ga shi kuma ido ya fara yi mata hazo-hazo. Ta riƙe matan, ta raba wasu ga matan gari da na ƙauyuka, kowace da kalmar nan tata, tsantsa ce. Wadda ta nemi namiji ma ta ba ta. Shi kuwa Ɗan Isawan, da ya gama aikinsa ta sa aka mayar da shi wurin Asiya, tunda aro ne. Tsofaffin awakin kuwa suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan sunan jika, waccan ta daina haihuwa, har ya zama cikin 'yan asali saura guda, wata tsohuwa mai faɗaɗɗen haƙori da ake kira Ta Inna.

Ranar da abin ya fito, da hantsi ne. Ɗaya daga cikin 'ya'yan Ɗan Isawan, wadda ɗan'uwanta ya yi wa barbara, ta haifi biyu. Na farko ja. Na biyu ya faɗo da farin ciki, baƙin kai, da kunnuwa zalo-zalo suna reto. Hindu ta tsaya a kansa kamar wadda aka haifa wa ɗan jaki. Ba ta ko juya shi ba, don babu abin nema, komai a fili yake.

Nan take ta san mai laifi, ko dai ta ɗauka ta sani. Maƙwabcinta Gajere yana da wani farin bunsuru mai wari da tsalle, wanda aka taɓa gani a kan katangarta. Ta ɗauki ɗan akuyan a zane ta dire shi a ƙofar Gajere, ta tara masa unguwa. Bawan Allah ya yi ta cewa, "Inna Hindu, ki duba lamarin ga, tun bara yake ɗaure," ita kuwa ina, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Magana ta kai gaban mai gari, kuma da yake kalmar Hindu a kan akuya ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba, aka sa Gajere ya fiɗiye bunsurunsa. Ya yi, sai dai ya daina gaishe ta.

Ba a rufe wata biyu ba sai ga Balkisu, wata matashiyar mata daga can ƙarshen gari, ta yi sallama da abu a goye. Akuya da bunsurun da ke gidanta duk daga hannun Hindu suka fito, kuma ta bi ƙa'ida, ba ta taɓa kwance su ba. Ta sauke goyon, ga ɗan akuya roɗi-roɗi. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Cewa kawai ta yi, "Inna, ke kika ce mani tsantsa ce." Daga baya saƙo ya zo daga Cake, can ma an haifi mai farar wutsiya. Hindu ta daina fita bakin rijiya. A gida kuma kowace haihuwa ta zama fargaba.

Duk da haka ko sau ɗaya zuciyarta ba ta je kan Asiya ba. Ta zargi idonta, ta zargi katanga, ta zargi bakin mutane har ta sa Na Allah ya karɓo rubutu aka yayyafa a turke. Asiya kuwa ita ce sauran begenta. Tana lissafin cewa can arewa jar akuyarta na nan da zuriyarta a killace, za ta je ta samo namiji mai tsabta, in Allah ya sa Ta Inna na da sauran haihuwa ɗaya a jikinta, a sake daga farko. Kunyar abin da ya faru ta hana ta faɗa a waya. Ta shirya daddawa da kuka, ta kama hanya ba tare da ta sanar ba.

Ta isa da la'asar sakaliya, ta tarar Asiya ta tafi barka wani zango, sai Tanko a gindin aduwa yana hura gawayin shayi. Dogon mutum ne mai fara'a, wanda bai iya ɓoye ko ƙwayar gero a baki ba. Ya yi murna ƙwarai, ya shiga ɗaki ya ɗauko fata ya shimfiɗa mata a inuwa. Suna cikin gaisuwa garke ya dawo daga rijiya, dogaye, farare da baƙaƙe da masu roɗi-roɗi. A tsakiyarsu, ba igiya ba komai, ga jar akuyarta tana tafe da 'ya'ya biyu masu farin goshi.

"Malam Tanko," in ji ta a hankali, "waccan ba tawa ba ce?"

"Ita ce mana, uwar jajaye! Ai ta zama 'yar gida. Da farko in an tahi rijiya sai an jira ta, yanzu ko ɗiyanta har gaba suke shiga."

"Tun yaushe take bin garke?"

"Tun zuwanta. Wa zai ɗauko ma akuya ruwa daga rijiyar ga har gida? Shi ko ɗan bunsurun, watan da ya zo na hiɗiye shi, kada ya cika mani garke da gajerun ƙahwahu. Ya yi kitse kuwa, da shi muka yi sunan jikarmu Najiba." Ya miƙo mata ɗan kofin shayi. "Ashe Asiya ba ta gaya maki ba?"

Hindu ta karɓi kofin ta ajiye a gefe. Ta ce, "To wanda na tahi da shi, wane ne ubanshi?"

"Wani babban baƙi mai hwarin ciki da nake da shi, ba a yi bunsuru kamarshi ba. Ai tagwaye ta haifa mashi, ɗaya ja kamar uwar, ɗaya ya biyo uban. Ranar da kika ce kina zuwa, Asiya ta tashe ni tun da asuba ta ce a kayar maki da mai roɗin, kuma in kora garke nesa kada su dame ki da kuka." Ya yi dariya ya nuna ƙasa da cokalin shayi. "Ga hwatarshi nan ma kina zaune a kai."

Ta duba. Tsakanin gwiwoyinta fari ne, gefe baƙi, can wajen wuya ɗan ja irin na gidansu. Ta shafa gashin da tafin hannu. Abin da ta yi shekaru tana koya wa mata su nema, abin da ta tambaya da bakinta, ashe a cikin tukunya yake lokacin da take tambayar, kuma ita ta cinye shi har tana santi. Ba ta taɓa jin an ci amanarta irin haka ba, kuma ba ta taɓa jin ta zama wawuya irin haka ba.

Asiya ta shigo gab da magariba. Ta ga ƙawarta, ta ga fatar, ta ga mijinta yana wanke kofuna cikin nishaɗi, sai guɗar da ta ɗauko ta maƙale. Suka shiga ɗaki su biyu.

"Ƙawa, ki yi hanƙuri ki ji ni," in ji Asiya. "Ni mi zan yi? Namiji ya ce ba a ɗaure akuya a gidanshi. In kira ki in ce amanar da kika ba ni ta lalace tun watan hwarko? Na yi ta cewa gobe, gobe. Sai ga ki kin kira kina kuka bunsurunki ya mutu. Na ga wanga ja ne tas, na ce Allah ya ruhe mani asiri."

"Ya ruhe naki, ya tone nawa."

"Haba Hindu, akuya ce hwa. Ni ma ɗiyana ruwa biyu ne, uwa Bahausa uba Buzu, kin taɓa ƙin su?"

"Kada ki sa ɗiyanki cikin maganar ga. Wa ya taɓa ɓoye ubansu?" Muryar Hindu da ke kai wa maƙwabta, yau da ƙyar take fita. "Da kin ce mani garke ta bi, da na yi kwana biyu ina zage-zage, in dawo mu ci tuwo. A lokacin ina da 'yan asali cike da turke, da na bi ƙauyuka har in samu namiji. Amma na tambaye ki, Asiya. Kin san abin da nake nema in gani, ke kaɗai kika san shi sarai, shi ya sa kika yanka shi. Kika zuba mani a akushi, kika zauna kina ce mani in ƙara."

Asiya ta fashe da kuka, ta kama gefen zanenta. Hindu ta zare zanen a hankali. Ta kwana don babu abin hawa, an kawo tuwo da fura ba ta taɓa ba. Da gari ya waye ta ajiye daddawa da kukar a bakin ƙofa, don ba ta iya komawa da tsaraba, ta tafi. Jar akuyar ma ba ta waiwaye ta ba.

Da ta dawo Kona, gidan Gajere ta fara shiga tun kafin nata. Ta durƙusa a gaban yaron da ta girme wa uwarsa, ta ce ta zalunce shi, ana zaton wuta a maƙera ashe a masaƙa take. Gajere ya ce ya yafe, ya kuma ɗaga ta, sai dai taure ba ya komawa bunsuru. Daga nan ta bi gidajen da ta ba iri ɗaya bayan ɗaya, har Cake ta je da ƙafarta, tana cewa abin da na ba ki ba tsantsa ba ne, ni na faɗa kuma ni na janye. Wasu suka ce ba komai, ai suna ba da nono. Ta fi jin zafin waɗannan, don ta gane ita kaɗai ce ta yi rashi.

An samo wa Ta Inna wani jan bunsuru daga wani ƙauye, wanda aka ga uwarsa da ɗan'uwansa, amma tsohuwar ba ta ƙara ɗaukar ciki ba, ta mutu kafin damina. Da kakar shekarar ta zo aka gama girbi, mutanen unguwa suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Hindu ta buɗe ƙyauren bayan ɗaki, ta kwance igiyoyi, ta kora awakinta cikin gonaki tare da na kowa. Na Allah ya tsaya a zaure yana kallo, a ranar bai yi ba'a ba.

Har yanzu tana kiwo, har yanzu ana ce mata mai jajaye. In baƙuwa ta zo neman iri ta tambaya ko tsantsa ce, sai ta ce, "Ja ce a ido. Abin da ke cikinta, Allah ya sani." Cuku yana zuwa daga arewa duk shekara, takan raba wa jikoki, ba ta kai shi baki, wayar kuma in ta ga sunan sai ta bar ta ta yi ta kuka. Kwanan baya ta je ganin 'yarta da ke aure a Mayahi, surukin ya kayar mata da ɗan akuya don girmamawa. Aka kawo akushi yana tururi, aka ce bismilla. Hindu ta naɗe hannuwanta a cinya ta ce a fara kawo mata fatar ta gani.